Kun Taɓa Cike Tambayoyin Gwajin Hali? Ku Zo Mu Ji Yadda Kuka Ƙare da Su

Ɗaliba, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanan nan gwajin nan na hali ya cika zaurukan WhatsApp na ajinmu, wanda ake jero maka maganganu kana zaɓar ka yarda ko ba ka yarda ba, a ƙarshe a ba ka haruffa a ce ga irin tunaninka. Ni INFJ aka ba ni: wai mai son keɓewa, mai hangen abin da ke bayan magana, mai duba halin da mutane za su shiga kafin ta yanke hukunci, mai son tsari. Da na karanta bayanin sai da jikina ya yi sanyi, don ya taɓo abubuwan da ban taɓa faɗa wa kowa ba. To amma ƙawata da muke ɗaki ɗaya, wadda halinmu ya sha bamban ƙwarai, ita ma haruffan da ta samu ke nan, ita ma ta ce kamar an leƙa cikinta. Don Allah duk wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya gani, ya amfane shi ko bai amfane shi ba.

Tela, Tsohuwar Kasuwa:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni ma an yi mani shi. Ɗan ƙanena yaz zo shago da wayarshi, shina karantawa da Turanci shina mayar mani da Hausa, ni kau ina ɗinki ina amsawa. Da munka ƙare yac ce wai ni mutum na mai son taro da cuɗanya.

Abin da yas sa anka ce haka na sani. An tambaye ni ko ina yawan zuwa taron jama'a, nic ce ƙwarai. To ina zuwa mana! Ɗaurin aure, suna, jana'iza, gaisuwar mutuwa, wa zai zauna gida ga garin ga a ce bai zo ba? Wanga ba so ba na, hakki na. In don son raina na, bayan Isha'i in zauna ni ɗai da rediyona ya fi mani komi. Sannan akwai wadda anka ce ko nakan faɗi ra'ayina in ban yarda da magana ba. Gaban wa? Gaban yaran shago ina faɗi kai tsaye. Gaban yayana ko surukina, ko wuƙa anka sa mani ba ni musu. Wane ɗaya zan ba su? Kuma ga yaro tsaye bisa kaina shina jin amsa, akwai abin da babba ba ya faɗi gaban ɗansa. Ni abin ya yi mani kamar in auna mutum bisa babbar riga in ce ga faɗin ƙirjinai.

Malamar ba da shawara a makarantar sakandare, Mabera:

Baba tela ya taɓo inda matsalar take, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗan tsawaita, don wannan aikina ne kuma na ga abin da yake yi wa yara.

Haruffa huɗun nan asalinsu gwajin MBTI ne, wanda wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka tsara. Sun gina shi a kan ra'ayin Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya bayyana rabe-raben halayen mutane a 1921. Sun fara aikin tambayoyin ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka buga shi a 1962. Dukansu biyu ba a jami'a suka karanci ilimin halayyar ɗan Adam ba, da kansu suka koya. Gwajin yana raba mutum ta fuska huɗu: cuɗanya ko keɓewa, dogaro da abin da ido ya gani ko hangen abin da zai iya kasancewa, yanke hukunci da hujja ko da duba mutane, son tsari ko barin abu a buɗe. In ka haɗa su sai ka samu iri 16. Wanda yawancinku kuke yi a waya kyauta, 16Personalities, ba shi ne ainihin MBTI ba. Aron haruffan ya yi, ya ƙara na biyar a ƙarshe.

Abin da ya fi damuna da shi yankan da yake yi. Wadda ta samu maki 51 a ɓangaren duba mutane da wadda ta samu 95 duk harafin F za a ba su. Wadda kuma ta samu 49 sai a jefa ta T, wato ɓangaren hujja, alhali ita da mai 51 kusan abu ɗaya suke. Yawancin mutane kuwa a tsakiya suke taruwa. Shi ya sa mutum zai yi gwajin yau, ya sake bayan 'yan makonni, harafi ya canza ba tare da shi ya canza ba.

Batun ke da ƙawarki kuma, ƙanwata, an daɗe da gano shi. A 1948 wani malami a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, ya ba kowa takardar sakamako ya ce su auna yadda ta dace da su. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai wajen 4.3 cikin 5. Daga baya ya sanar da su cewa takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga littafin duban taurari ya tsinto maganganun. Magana irin "kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba" ko "wani lokaci kana shakkar shawarar da ka yanke", wa za a faɗa wa ya ce ba shi ba ne?

Na samu wata yarinya a ajin ƙarshe, tana cikin waɗanda suka fi kowa a kimiyya, ta zo ofishina tana so ta canza abin da za ta cike a JAMB daga likitanci. Da na matsa sai ta ce gwaji ya nuna ita mai bin zuciya ce, ba mai bin hujja ba, don haka kimiyya ba nata ba ne. Na ɗauko sakamakon jarrabawarta tun daga SS1 na ajiye a gabanta, na ce ta karanta mini. Wannan abin da ta yi ne da hannunta, wancan kuwa abin da ta faɗa ne game da kanta a wani yammaci. Ta bar zaɓinta yadda yake. Har yanzu ina amfani da irin tambayoyin nan, amma don in buɗe hira da yaron da ba ya magana, ba don in zaɓa masa makoma ba.

Mai neman aiki, Arkilla:

Ni a neman aiki na haɗu da shi. Wani kamfani a Abuja ya turo mana shi ta intanet kafin ganawa, aka ba mu lokaci ƙayyadadde. Abokan da muka nema tare sun ce in nuna ni mai surutu ne, mai son jagoranci, mai yanke shawara nan take, wai irin waɗannan ake ɗauka. Na ƙi, na amsa abin da na san kaina da shi: ina son in ji bayani duka kafin in yi magana, kuma na fi yin aiki mai kyau in an bar ni ni kaɗai. Ba su kira ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu mutum ko ɗaya da ya ji muryata, kuma duk wanda ya iya tsara amsa zai wuce. Aikin lissafin kuɗi ne fa, ba talla ba. Daga baya na karanta cewa su kansu masu MBTI sun ce ba a yi shi don tantance wanda za a ɗauka aiki ba, yin hakan ya saɓa ƙa'idarsu.

Uwargida, Runjin Sambo:

Ku yi mini afuwa, ni kam alheri na gani. Ni da maigidan muka yi, kowa a wayarsa, sannan muka yi musaya. Shekara da shekaru abu ɗaya ke haɗa mu: in magana ta taso, ko ta makarantar yara ko ta gini, ni sai na yi ta faɗinta nake gane abin da nake so. Shi kuwa sai ya yi shiru, kwana biyu ba ka ji komai ba, sannan ya zo da magana ɗaya gamammiya. Ni ina ganin miskilanci ne da raini, shi yana ganin ba ni da tsayayyar magana, yau wannan gobe wancan.

Ba haruffan ne suka taimake mu ba, na ma manta nasa. Tambayoyin ne. Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ya ce, "Ashe ke in kina magana ba hukunci kike yankewa ba, tunani kike yi?" Na ce wallahi haka ne. Ya ce shi ma shirunsa ba fushi ba ne, lissafi yake. Yanzu in na fara sai in ce masa tunani nake, kada ya riƙe. Shi kuma yakan ce in ba shi zuwa jibi. Abin da kunya ta hana mu tambayar juna kai tsaye, waya ta tambaya mana.

Malamin Islamiyya, Gidan Dare:

Hajiya, Allah ya ƙara zaman lafiya. Irin amfanin da kika faɗa ban ga laifinsa ba, bincikar kai abu ne da addini ya san da shi, kuma maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar sananniya ce, cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Na cike shi don in san abin da ɗalibaina ke magana a kai. Abin da na ƙi shi ne yadda wasu ke riƙe shi. Yaro ya yi wa ɗan uwansa magana mai zafi, na kira shi, ya ce mini, "Malam, haka nake, gwaji ma ya nuna." Wata kuma an kawo mata maganar aure tana tambayar haruffan yaron kafin ta tambayi sallarsa da sana'arsa. In abu ya kai nan ya fara kama da duba. Mai saurin fushi ana koya masa haƙuri ya koya, na gani da idona a yaran da na karantar suka girma. Duk takardar da za ta sa matashi ya daina ƙoƙarin gyara halinsa ba na tare da ita.

Likita mai neman ƙwarewa, Gawon Nama:

Malam, binciken ma yana bayanka. Masu nazarin halayya sun fi dogara da wani tsari da ake kira Manyan Halaye Biyar: son sabon abu, kula da tsari da cika aiki, cuɗanya, sauƙin kai, da saurin shiga damuwa. Shi ba ya sa ka a aji, yana nuna maka ne ko kana sama, ko ƙasa, ko tsakiya a kowanne. Binciken da ya bi mutane shekaru masu yawa ya nuna cewa kula da aiki da sauƙin kai sukan ƙaru yayin da mutum ke manyanta. Na yi shi ina aji biyu a jami'a, na sake yi bayan na fara kwana a asibiti, makin kula da tsari ya hau sosai. Aiki ne ya hore ni.

Shi ma ba a ko'ina yake aiki ba. Da aka gwada shi a kan mutanen Tsimane, manoma da mafarauta a Bolibiya, sakamakon da aka buga a 2013 bai fitar da halaye biyar ɗin yadda ake samu a Turai da Amurka ba. Wannan ya ƙarfafa maganar Baba tela, tambayar da aka tsara a wata al'umma ba lallai ta auna abu ɗaya a wata ba. Wanda kuma ke yawo na "ƙwaƙwalwar dama ko ta hagu", ku bar shi. Masu bincike a Jami'ar Utah sun duba hoton ƙwaƙwalwar mutum sama da 1,000 a 2013, ba su ga mutanen da suke aiki da ɓangare ɗaya fiye da ɗayan ba.

Duk waɗannan abin da ka faɗa game da kanka suke tattarawa. Akwai gwajin da ke duba abin da kake yi, wanda wani mai bincike, Shane Frederick, ya fitar a 2005. Ga ɗaya daga tambayoyinsa na mayar da ita kuɗinmu: littafi da biro sun kama naira 110, littafin ya fi biron tsada da naira 100. Nawa ne biron? Ku amsa kafin ku duba ta wani.

Ɗaliba, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:

Naira 10 ce ta fara zuwa mini, ita kuma ƙawata ta faɗa. Amma tunda Dakta ya tambaya na san akwai wani abu a ciki, bari in sake lissafi.

Tela, Tsohuwar Kasuwa:

Biyar ta, ɗiyata. In biro goma na, littafi ya zama ɗari da goma, kin ga kuɗi sun koma ɗari da ishirin. Biro biyar, littafi ɗari da biyar. Likita, in akwai sauran irin wagga ka turo, zan gwada yaran shago da ita gobe. Akwai ɗaya da nike son in fara aike sayen yadi, ina son in ga ko shina tsayawa ya sake lissafi kafin ya miƙa kuɗi.