Uwa a gidan yari: shawarwarin da suka fito daga wata hira a Zariya

Wasu mata, ciki har da ungozoma da malamar Islamiyya, sun zauna a Tudun Wadan Zariya kan abin da ya kamata a koya wa uwar da ke tsare game da reno. Ga abin da na tsinto.

Maganar shayarwa ce ta fi ɗaukar lokaci. Ungozomar ta ce a fara da nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba jariri, domin inda ake cunkoso gudawa ba ta da wuyar kama yaro. A kuma koya wa uwa karanta katin rigakafi da haɗa ruwan gishiri da sukari.

Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi ɗakin renon jarirai a wuraren tsare mata, amma uwar da ba ta san da wannan ba, yaya za ta nema? Saboda haka aka ce darasin farko ya zama na haƙƙinta.

Inda aka yi saɓani shi ne yaran da ke gida. Wasu suka ce a gaya musu Mama ta yi tafiya. Malamar ta ƙi, ta ce gara su ji daga bakin Kaka da su ji a bakin 'yan unguwa, kuma ni ma nan na karkata.

Sai ranar rabuwa: tun kafin yaye a zaɓi mai riƙon yaron, gwaggo ko inna, ta riƙa zuwa ziyara har ya saba da hannunta.