Makarantar yarana tana neman durƙushewa, in cire su yanzu ko in jira ƙarshen shekara?

Maman Nana, Lazare (Yamai)

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku ina gajiya. Dan Allah shawara nike nema wajen iyaye da malamai in akwai su a nan, abin nan ya kai sati biyu yana hana ni barci.

Yarana biyu suna wata makarantar kuɗi nan kusa da mu, ba zan faɗi sunanta ba don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Babbar tana turwaziyam, wato ajin ƙarshe na kwaleji, bana za ta yi jarabawar birebe ta gama kwaleji in Allah ya yarda, ƙaramin kuma yana CE2, aji huɗu na firamare. Tun daga CI, ajin farko na firamare, babbar take can, to ku lissafa, shekara ta goma kenan. Da can makarantar ba ta da na biyu a unguwa, in ba ka je tun Satumba ba ba ka samun wuri. Amma bana tun da aka koma a Oktoba mushen lissafi uku aka canja musu, na fizik kuma tun da aka dawo hutun ƙarshen Disamba ba wanda ya sa shi a ido. Daren jiya na ɗauki kayenta na fizik na buɗe da kaina, kwanan wata na ƙarshe da ke ciki 12 ga Disamba ne, bayan shi takarda fara fat, ga shi muna ƙarshen Janairu. Na ce me kuke yi a awar fizik, ta ce zama kawai, wani lokaci surbeyan ya leƙo ya ce a yi shiru ya fita.

Gardin makarantar ɗan garinmu ne, shi ya raɗa min cewa malamai wata uku ba su ga albashi ba, shi kansa wata biyu. An yanke musu kuran tun kafin hutu, yanzu dai sanyi ake yi ba a ji, amma kun san Yamai in Afrilu ta kama, aji da rufin kwano babu panka. Ajin yarinyar bara su 46 ne, bana 29.

Abin da ya ɗaure ni shi ne fondatar ɗin, wato mai makarantar, mutumin kirki ne wallahi. A 2023 da aka rufe iyakar Benin, maigidana kayan Kwatano yake saro, kasuwarshi ta tsaya cak, muka yi wata huɗu ba mu kai ko dala ba kuma bawan Allahn nan bai taɓa koro yaran gida ba, ko ƙofar aji bai taɓa tsayar da su ba. Yanzu da shi ya shiga hali sai in zama ta farkon kwashe nawa? Amma kuma birebe ba ya jiran kunyar kowa. Maigida ya ce ni na san ta karatun yara, abin da na yanke shi kenan. Ku taimaka.

Mushe Lisahi

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni shekara 11 nike koyar da lissafi, na yi na gwamnati na yi na kuɗi, bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki.

Makarantar kuɗi da kuɗin iyaye take rayuwa. Daga nan ake biyan haya in gidan ba na fondatar ba ne, daga nan ruwa da kuran da alli da albashi da haraji. Hayar aji ɗaya ce ko yara 46 ne a ciki ko 29, kuɗin awar malami ma ɗaya ne, shi ya sa in yara suka fara raguwa abin yake gangarawa da sauri, malami ya tafi, iyaye biyar su ga haka su cire nasu, kuɗi su ƙara raguwa, wani malamin ya tafi. Kuma ki lura, na lissafi da na fizik su ne kullum na farkon ɓacewa. Yawancinsu a kwalejin kuɗi bakatar ne, wato da awa ake biyansu, da yawa ma ma'aikatan gwamnati ne da ke zuwa cike awoyinsu, kuma ba su da yawa a gari, ko'ina ana nemansu. In ba a biya mutum a nan ba sai ya hau babur ɗinshi ya yi gaba, wa zai zuba esansi daga Harobanda ya ƙetaro gada kyauta? Malaman firamare su ne masu daɗewa don ba su da wurin zuwa a tsakiyar shekara, amma malamar da ta fito gida ba ta bar cefane ba kin san hankalinta ba ya kan tablo.

To shawarata kashi biyu ce. Babbar kar ki taɓa ta yanzu. Abin da za ki fara yi gobe da safe, ki je ki tambayi maganar dosiyenta na birebe, wato takardun rajistar jarabawar. Kun kai takardar haihuwa da hotuna da kuɗin jarabawa ko? Kar ki yarda da "an kai Hajiya, kwantar da hankalinki". Ki ce a nuna miki jerin sunayen da aka aje, ki ga sunanta da idonki, ki duba har yadda aka rubuta shi da ranar haihuwa ko sun yi daidai da takardar haihuwarta. In sun yi miki hanya-hanya ki wuce anspeksiyo ta sakandare, wato ofishin gwamnati mai sa ido kan makarantu, da makarantar ke ƙarƙashinta ki tambaya. In dosiye ya shiga, to ko makaranta ta rufe gobe yarinya za ta zauna jarabawa, abin da ya rage karatu ne, shi kuma ana iya toshe shi da repetitar, wato malamin da ke ƙara wa yara karatu a gida, na lissafi da fizik, ku haɗu iyaye huɗu ko biyar ku ɗauki ɗaya. Canja wa yarinya makaranta saura wata biyar jarabawa, sabbin malamai, kowane da inda ya kai a porogaram, sau da yawa ya fi barinta illa.

Ƙaramin ba shi da jarabawar ƙasa a gabanshi, nashi da sauƙi, ki fara neman mishi wuri a hankali.

Sai tambaya ɗaya kuma ki yi haƙuri da ni. Ke kin gama biyan na bana?

Ɗan Adar, Tawa

Hajiya ni maganata ba ta da kwana-kwana, ɗebe ɗiyanki. Mu nan Tawa munka ga irin wanga da idonmu. Ɗan wana na turwaziyam, uban na Abijan shina bida, duk wata shi aiko kuɗɗi ta Nita ni ka zuwa in amsa in kai lakkwal da hannuna, har da na jarabawa anka amsa anka ba ni 'yar takarda da hatimi. Haka munka riƙa jin malamai ba su zuwa, muna cewa a yi haƙuri mutumen kirki ne, ɗan unguwa ne, tare muke salla. Sai da lokacin jarabawa ya matso takardun shiga sunka hito, yara bakwai babu sunansu, har da namu. Ashe kuɗɗin dosiye anka toshe wani rami da su. Yaro yay yi kuka kamar ranshi shi hita, shekara ta tahi, bai ma sake komawa aji ba, yanzu haka shina Agadas wajen gyaran mota.

Ba na ce mutumenku ɓarawo ne ba, namu ma ba ɓarawo ba ne, bashi ne ya ci ƙarhinshi, mai nutsewa kuwa ko takobi anka miƙa mai kamawa shikai. Alherin da yay yi muku Allah shi biya shi, ki kai mai buhun shinkahwa in kina so, amma ba da shekarar ɗiya aka biyan alheri ba.

Mushe Lisahi

Ɗan Adar ai maganarmu ɗaya ce, shi ya sa na ce ta ga jerin sunaye da idonta, resi da hatimi ba hujja ba ne. Amma in ta cire ta yau dosiye yana hannun tsohuwar makaranta, ka ga ta yi biyu babu.

Tanti Rabi, Bukoki

Ƙanwata sannu da wannan tunani. Ni shekara shida na yi ina karɓar kuɗi a wata makarantar kuɗi kafin in bari, kuma zan faɗi abin da iyaye ba su son ji. A Oktoba kowa yana kawo kashin farko don ba a ba yaro wurin zama sai da shi. Kashi na biyu sai an bi mutum, na uku kuwa sai an fara korar yara. Na sha ganin uba ya zo da mota mai sanyi, ya ce min Madam wata mai zuwa, wata mai zuwan nan har Yuni. Mu kuma ranar 30 malamai suna tsaye bakin tagata kamar ni na ɓoye kuɗin a zanina. Akwai wata malamar CP, aji biyu na firamare, da ta taɓa ce min in ba ta ko jika biyu, wato sefa dubu biyu, na taksi ta kai ɗanta likita, na buɗe akwati jika ɗaya da dala ɗari ne a ciki, har yau ban manta fuskarta ba.

Kuma shekarun nan sun taru sun yi wa ƙananan makarantu yawa. Takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar a 2023 ya karya 'yan kasuwa da yawa kuma su ne iyayen yaran, a 2024 ambaliya ta sa ba a koma aji ba sai 28 ga Oktoba, wata guda ba kuɗin shiga amma mai gidan haya bai san wannan ba, sannan a 2025 gwamnati ta ce a rage kuɗin makarantu masu zaman kansu. Mu iyaye mun ji daɗi, ni ma ina da jikoki a ciki, manyan makarantu masu yara dubu sun iya shanyewa, amma ƙaramar makarantar unguwa da dama da ƙyar take numfashi sai ta ƙarasa zama.

Ban ce ki zauna ba fa. Abin da na sani shi ne duk inda za ki kai su sai an tambaye ki bultan, wato takardar makin yaro, da takardar shaidar makarantar da suka baro, kuma ba makarantar da ke sakin takardun nan in ana bin ki ko jika biyar. In kuma kika bari har aka sa kwaɗo a ƙofa, neman wanda zai sa miki hannu ya zama aiki. To ki karɓi bultan na zangon farko yanzu ki yi fotokopi ki aje. Sannan ina ƙungiyar iyayen yara take? Ku kira taro, ku sa fondatar ya zauna ya faɗi nawa ake binshi nawa yake bin iyaye, a wasu wurare na ga iyayen 'yan aji jarabawa sun haɗa kuɗi suna ba malamin lissafi hannu da hannu duk ƙarshen sati, ragowar a cire musu cikin kuɗin makaranta. Ba kowane fondatar ke yarda ba don yana ganin an raina shi.

Abban Sadik

Ni ban gane dalilin wahalar nan ba. CEG, kwalejin gwamnati, ba makaranta ba ce? Mu duk can muka yi kuma ga mu. A kai yara can a huta, kuɗin a saya musu littattafai.

Tanti Rabi, Bukoki

Abban Sadik a tsakiyar shekara? Je ka nemi wurin turwaziyam a CEG cikin Fabrairu ka dawo ka ba mu labari. Na ƙaramin dai ana iya dubawa, amma ta je ta ga ajin da idonta tukuna, yara nawa ne a ciki kuma na gini ne ko na zana. Tun gobarar unguwar Pays-Bas ta 2021 da ta ci yara ƙanana ni gabana faɗuwa yake da ajin zana.

Maman Nana, Lazare (Yamai)

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Mushe tambayarka ta same ni, gaskiya ban gama ba, ana bin mu jika 60 cikin kashi na biyu, ina ta riƙe su ne ina cewa in ga yadda abin zai kasance tukuna kar in zuba kuɗi a rijiya. Da na karanta maganar Tanti sai na ji kunya, ƙila mu talatin ne muke wannan lissafin kowa a ɗakinshi.

Yau da safe na je. Diraktan ya fara ce min an kai an kai, na ce ni dai a nuna min, na samu benci na zauna na ce ba inda za ni. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya fondatar ya zo da kanshi, ya rame wallahi, ya buɗe jakarshi ya ciro takardar, sunaye 29 da hatimin anspeksiyo, nata na 17. Sai dai an rubuta ranar haihuwarta 3 ga wata alhali 13 ne a takardar haihuwa, ya ce zai je a gyara, na ce tare za mu je ranar Litinin. Ban iya yi mishi maganar cire ƙaramin ba, bakina ya yi nauyi, na dai karɓi bultan ɗinsu duka biyu na biya jika 30 cikin bashin, ina tsaye ya kira malamar CE2 ya ƙirga mata 20 a ciki.

Na samu lambar iyaye shida na ajin babbar, za mu haɗu ran Asabar bayan la'asar a gidana. Mushe in ka san wani na fizik da ke wajen Lazare ko Dar es Salam wanda zai iya zuwa sau biyu a sati da marece, nawa suke karɓa yanzu in yara sun kai shida?