ECG ɗin Baba ya nuna QT ya yi tsawo, mu jira ranar likita?

Maman Hanif: Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Mahaifina shekararsa 63, tun bara likita ya ce jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini sun tsuke, yana shan asfirin da maganin kitse da Lasix saboda kumburin ƙafa. To satin nan ya yi zazzaɓi da gudawa kwana uku, ƙanena ya siyo masa azithromycin da kinin a kemis, jiya da asuba yana alwala kawai sai ya zube a bakin famfo buta a hannu, kafin mu ɗebo ruwa ya farfaɗo yana tambaya me ya faru. Mun yi ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, a saman takardar an rubuta QTc 512 kuma wai T ya kife. Ranar ganin likitansa sai nan da sati biyu, shi kuma ya ce ya warke a ƙyale shi. Wlh hankalina bai kwanta ba.

Anti Nas: Wa alaikumus salam, ƴar uwa kar ku jira, yau ku kai shi imajansi. Duk bugu ɗaya da zuciya ta yi sai lantarkinta ya koma ya sake shiri kafin bugu na gaba, to QT shi ne tsawon lokacin daga tashin bugun zuwa gama shirin, QTc shi ne QT ɗin bayan an daidaita shi da saurin bugun, T kuma shi ne ɗan tudun da ke nuna sake shirin a zanen takardar. Na namiji ana son kar ya wuce milisakan 450, in ya haura 500 zuciya na iya rikicewa da wani mugun bugu mai sauri da jini ba ya kaiwa kwakwalwa, mutum ya sume, wani ma ba ya tashi. Azithromycin da kinin duk suna ƙara tsawon QT, gudawa da Lasix kuma suna kwashe fotasiyam da magniziyam, ga zuciyar da dama ba ta samun isasshen jini. Ku ajiye na kemis ɗin, amma asfirin da sauran na likitansa kar ku daina da kanku, ku zuba duka a leda ku tafi da su.

Ɗan Fagge: Allah ya ba Baba lafiya. Ku nemo tsohon ECG ɗinsa ku haɗa, ni nawa T ɗin a kife yake shekaru saboda hawan jini ya sa bangon zuciyata ya yi kauri, sai da likita ya jera takardun biyu a tebur ya ga ba sabon abu bane.

Hajiya Babba: A dinga ba shi ayaba da dabino ƴata, suna da fotasiyam.

Anti Nas: Hajiya ayaba ba za ta wadatar ba a wannan halin, sai an ɗibi jini an ga adadin, kuma in ƙoda na da matsala yawansa ma haɗari ne. Za su duba troponin ko tsokar zuciya ta taɓu, su sake ECG likita ya auna QT ɗin da hannu don injin kan yi kuskure, wataƙila su yi eko, wato hoton zuciya.

Maman Hanif: Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Na karanta masa ya yi shiru, yanzu Yaya ya tafi kawo mota, tsohuwar takardar ma na same ta a cikin jakar katinsa.