Sarƙa Biyu: Musayar Baitoci Kan Cinikin Bayi

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan majalisa. Makon jiya aiki ya kai ni Ikko, na tsallaka Badagiri na ga sarƙoƙin da suke ajiye da su. Na ɗaga ta wuya guda ɗaya, hannuna ya sage. Ga abin da ya fito, mai amsa ya amsa.

Na je Badagiri na taɓa sarƙa,
Ƙarfen wuya mai hana waiwayawa.

Sun nuna min hanya cikin rairayi,
Mai bin ta ba shi da ranar dawowa.

Mutum miliyan 12 da rabi aka loda,
Tamkar buhuna ana ƙirgawa.

Kusan miliyan 2 ba su ga gaɓa ba,
Ruwa ne likkafani, ba binnewa.

Rake da taba da audugar Amurka,
Da gumin baƙi suka yi ta tsirowa.

Bature ya ci ƙarni uku da ɗori,
Sai da ya ƙoshi ya fara tsinewa.

Ingila ta hana a 1807,
Kura ta ce ita ce mai tsarewa.

Malam Na-Salga:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, alƙalaminka ya yi kyau, amma ka kau da kai daga gida.

Ɗan Birni ka yi waƙa, na yaba,
Sai dai ka tsaya a rabin gaskiya.

Bature bakin teku ya kafa ganuwa,
Wa ke kai masa? Mu bar jin kunya.

Sauro bai bar shi ya ratsa daji ba,
Namu suka kama, namu suka ja igiya.

Ni Salga ta Gana ce garin kakannina,
Je ka gani, har yau akwai rijiya,

Inda ake wanke bawa a shafe shi man kaɗe,
Don ya yi sheƙi a idon mai saya.

Fatake sun zo Gwanja neman goro,
Ba kanwa da tufa kaɗai ne a kaya.

Ga ta arewa, Kano zuwa Agadas,
Gat, Gadamus, Tarabulus, ƙishi da wuya.

Ta Barno ta bi Bilma ta kai Murzuk,
Ƙasusuwan mutane ne alamar hanya.

Can ba tuta, ba jirgin Bature,
Raƙumi ne gaba, yara a baya.

Jikan Dogari:
Allah gafarta Malam, ban ƙi ta taka ba, amma kada a zuba gero da tsakuwa a mudu ɗaya.

Malam, da girmanka, a bambance,
Bawan Amurka daban da na sarki.

A Kano bawa ya riƙe mabuɗi,
Ɗan Rimi, Sallama, ga Shamaki.

Talaka ɗa na durƙusa masa,
Shi ko da rawani bisa doki.

Sa-ɗaka in ta haifa wa ubangiji,
Ɗanta ɗa ne, yana gadon mulki.

Ga murgu, bawa ya biya wuri,
Abin da ya saura nasa ne a aiki.

Ya tara ya fanshi kai gaban alƙali,
A sa shaidu, ba mai buɗe baki.

Inna Ta Rinji:
Ɗana, kakanka a ƙofar fada ya tsaya, tawa kakar a rinji, ƙauyen bayin noma, aka yanke mata cibiya. Abin da zan faɗa daga bakinta na ji, muna zaune muna ɓarar gyaɗa. Ban iya tsara baiti kamar ku ba, ku yi haƙuri da shi.

Ka ƙirga min masu doki guda uku,
Ka bar dubbai da ke duƙe a gona.

Uwar kakata yarinya ce ƙarama,
Ta fita itace da hantsin rana.

Mahaya suka ɓullo, ƙura ta tashi,
Igiya a wuya, tafiya kwana da kwana.

Ba ta sake ganin uwarta ba har abada,
Ubangiji ya raɗa mata sabon suna.

Nagode suka ce a riƙa kiranta,
Godiyar me? Ka ji wata magana.

Gandu tun hantsi har zuwa azahar,
Sai da yamma ta leƙa 'yar gayauna.

Murgun da ka ce na mai sana'a ne a birni,
Mai goyo da fartanya ina ta ga wuri, ka tuna.

Gwamna Lugga ya ce wanda aka haifa daga 1901 ɗa ne,
Sai 'ya ta zam 'ya, uwa tana nan a ƙuna.

Tabarma ɗaya, ƙwarya ɗaya suke sha,
Ɗaya baiwa, ɗaya 'ya, haka suka zauna.

Sai 1936 aka soke bautar duka,
Nagode na ƙasa, ba ta ga wannan rana.

Yarenta ya mutu a cikin bakinta,
Waƙa ɗaya ta rage, ta daka da tsakar rana.

Kakata ta riƙe ta, ta rera min,
Kalma shida, ban san fassararsu ba, ɗana.

Kuma kada a ce abin ya wuce. Bara waccan aka fasa auren 'yar ƙanwata bayan an kai gaisuwa, wai dangin miji sun bi asali sun tarar da rinji. Yarinya mai digiri, mai sauka.

Jikan Dogari:
Inna, na rusuna. Ba zan ja da ke ba. Sai dai har yanzu ina nan kan cewa fada da gonar rake ba ɗaya ba ne.

Ɗalibin Bahiya:
Yaya Jikan Dogari, ai daga hannu ɗaya aka raba su, wani fada, wani rinji, wani teku. Ni ina karatu a Salbado, jihar Bahiya ta Birazil, kuma nan ne sarƙar Ɗan Birni ta haɗu da igiyar Malam. Yaƙe-yaƙen zamanin jihadi da na rushewar Oyo sun cika kasuwa da kamammu, aka gangara da wasu Ikko da Wida, jirgi ya kwaso su nan. Cikinsu har da masu karatu.

Hausawa sun ƙulla tawaye a 1807,
Kafin su tashi aka tona asiri.

1809 da 1814 suka sake,
Rumfunan masunta suka ƙone a hari.

Babbar ita ce ta Janairu 1835,
Goman ƙarshe na azumi aka yi shiri.

Yarabawa Musulmi su ne mafi yawa,
Hausawa na ciki, kafaɗa a jeri.

Akwai Dandara, Bahaushe mai sai da taba,
Shagonsa makaranta ce a cikin sirri.

Mutum wajen 600 suka fito da dare,
Kowa da laya, kowa da kaya fari.

Takobi da mashi gaban bindiga da doki,
Da safe wajen 70 na kwance a gari.

'Yan sanda suka laluba jikin matattu,
Takardu suka samu, ayoyi na tsari.

Allo da tawada aka kai kotu shaida,
Alƙali na kallo, ba ya iya nazari.

Huɗu aka harbe, wasu suka sha bulala,
Wasu aka kora Afirka da sauri.

Birazil sai 13 ga Mayu 1888 ta saki,
Ta ƙarshe a nahiyar, uwar jinkiri.

Takardun suna nan a ma'ajiyar tarihi ta jihar. Na ga hoton guda, an ninke ta sau da yawa har layin ninkin ya ci wasu baƙaƙe. Wallahi hannun kamar na ƙanena a kan allo, har yadda yake jan wutsiyar nun. Malam, 'yan Birazil da suka dawo suna kusa da kai, su ne Tabom na Ankara, babban birnin Gana. Na Ikko kuwa Aguda ake ce musu.

Baƙon Tawa:
Ina gaida Inna. Ga tawa daga wannan gefen iyaka, gajeriya ce.

Masu cewa "da can", ku ɗan dakata,
Nijar sai 2003 ta kafa doka.

Hadijatu Mani tana shekara 12,
Aka sai da ta wahaya, ta biyar a ɗaka.

Ba sadaki, ba rabon kwana, ba gado,
Nata ɗiban ruwa, noma da daka.

Kotun Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta zauna Yamai a 2008,
Ta ce gwamnati ta gaza, ba shakka.

Sefa miliyan 10 aka ce a biya ta,
Ƙuruciyar da aka ci, wa zai biya haka?

Ɗan Birni:
Na shigo da yatsa ɗaya ina nuna teku, kun lanƙwaso min shi.

Bature bai fita ba, yana cikin lissafi,
Amma na gida ma ba shi da tserewa.

Kasuwar Kurmi ta Kano na bi kullum in sayi turare,
Ban taɓa tambayar me aka yi ta sayarwa.

Malam Na-Salga:
Kurmi ta sayar, Salga ta sayar, ƙanena. Inna, roƙo ɗaya gare ni. Waccan waƙar dakan mai kalma shida, ki ɗauko mana ita da muryarki. A nan akwai Bagwari, akwai ɗan Ningi, akwai na Adamawa. Mai yiwuwa wani ya ji yaren kakarsa, mu san garin da aka ɗauko Nagode.

Inna Ta Rinji:
Malam, ban taɓa rera ta ga wanda ba jinina ba. Amma to. Bari jikata ta dawo daga Islamiyya ta nuna min inda ake dannawa. Sai dai zan ɗauko turmi, don ba ta fita sai da taɓarya a hannu.