Tambaya Kan Yadda Gansakukar Cikin Laikin Take Hayayyafa

Assalamu alaikum malamai. Ni ɗalibi ne mai nazarin tsirrai, kuma wani aiki ya cije mini tun makon jiya. Na kankaro laikin (wato halittar da fangas da gansakuka suke haɗuwa su samar) mai launin toka daga bawon wani tsohon mangwaro, na yanka shi siriri, na ɗiga masa ruwa, sannan na duba shi da madubin ƙara girma. A ƙarƙashin fatar sama na ga ƙwayoyin gansakuka koraye masu siffar ƙwallo, waɗanda zaren fangas ya nannaɗe, kuma ina kyautata zaton Trebouxia ce, tunda ita aka fi samu a irin wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wasu ƙwayoyin suna ɗauke da ƙananan 'ya'ya cunkushe a cikin bangon uwa, amma ban ga ko ɗaya mai wutsiyar iyo ba, alhali an koya mana cewa wannan gansakuka tana fitar da masu iyo idan aka raine ta ita kaɗai. Shin fangas ne yake hana ta, ko ƙarancin ruwa ne? Kuma ta yaya zan bambanta waɗannan 'ya'yan da soridiya, wato ɓurɓushin nan mai kama da garin hatsi da yake haɗa gansakuka da zaren fangas?