Minti 10 na ƙarshe ne ke kashe ni a gasar ches ta intanet, ku ma haka ne?

Baƙin Doki:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata cuta, ina so in ji ko ni kaɗai ke fama da ita.

Daren Asabar da ta wuce na shiga gasar arena ta awa 2 a shafin ches na Lichess, irin wadda ake ta buga wasa bayan wasa ana tara maki har lokaci ya cika, kowa minti 3 babu ƙari. Awa ɗaya da rabi na farko komai lafiya lau. Na ci wasa 5 a jere, alamar wutar nan ta kama a gefen sunana, kowace nasara maki 4 maimakon 2. Saura minti 12 a tashi na leƙa allon maki, na ga ni ne na 4, tsakanina da na 3 maki 5 kacal. Nan take zuciya ta ce danna basak, maɓallin nan da ke rage maka rabin lokacinka don ƙarin maki idan ka ci. Na danna, agogona ya koma minti ɗaya da rabi, duk don neman ƙarin maki 1. Kuma da wa? Da wani ɗan Indiya da ya fi ni reting da kusan 200. A motsi na 19 na ɗora sarauniyata a gidan da dokinsa ke kallo. Ba tarko ya ɗana mini ba, ni na kai masa ita har gida kamar kayan lefe. Wuta ta mutu. Maimakon in numfasa, na sake danna basak, na sake shan kashi. Na ukun ma haka. Na ƙare na 11.

Da safe na buɗe wasannin ina kallo, wallahi ko ƙanina da ya fara koyo bana ba zai yi wannan ɓarna ba. Kuma ba yau farau ba. Me kuke yi idan gasa ta zo gangara, ido ya yi nauyi, hannu ya fara riga kai?

Na Zangon Kumasi:

Wa alaikumus salam. Ka riga ka faɗi ciwon da bakinka: ka leƙa allo. Ni na daina. Idan a kwamfuta kake, latsa harafin z, zai ɓoye maka reting da duk wani abu, daga kai sai katakon wasa da agogo. Tsakanin wasa da wasa kuma kifar da wayar nake yi, sai na ji ƙarar an haɗa ni da wani sannan in ɗauka. Matsayina sai an tashi nake gani.

Amma in faɗi gaskiya ina cin bulus a kanku. Gasar da ke tashi 12 na dare a Kano, a nan 11 ce.

Tsohon Ɗan Karta:

Bari in sa baki, ko da yake ta wata ƙofa zan shigo. Lokacin da nake karatu a Ingila na faɗa wasan poka na intanet, kusan shekara 3. Caca ce, ba na kare ta, na tuba na bari, Allah ya yafe mana. Abin da ya ja irinmu da yawa shi ne labarin Chris Moneymaker, wani akanta a Amurka da ya samu gurbi ta intanet, ya je Las Vegas a 2003 ya ci dala miliyan 2.5. Kowa ya ɗauka shi ne na gaba. Ni dai abin da na fita da shi bashi ne da sanin halin zuciyata.

Wannan cutar taka a can suna gare ta, tilt, kuma 'yan ches daga bakin 'yan karta suka are ta. A gasar poka kuɗin dole da ake zubawa kafin a raba kati hauhawa yake yi kowane 'yan mintuna, saboda haka ƙarshen gasa shi ne inda kuskure ya fi tsada, kuma daidai lokacin ne ka fi gajiya. Akwai wani dare da ba na mantawa. Na yi awa 6 a zaune, wajen ƙarfe 3 na dare, saura mutum 2 su fita a fara rabon kuɗi. Abin da ke gabana ya ishe ni in naɗe hannu in jira kawai. Sai wani ya yi mini burga na ajiye katina, shi kuma ya buɗe nasa ya nuna mini babu komai a ciki. Kunnena ya ɗauki zafi, har yau ina tuna yadda na ji. Rabo na gaba na samu sarki da jak, kati ne na tsaka-tsaki, ya ƙara kuɗi, ni kuwa ko daƙiƙa 2 ban yi ba na tura duk abin da ke gabana. As biyu ne a hannunsa. Awa 6 ta tafi a banza, na zauna ina kallon bango har asuba.

Da na yi tunani daga baya, ba a wannan rabon na faɗi ba, tun a na baya na faɗi. Kai ma Baƙin Doki, sarauniyar da ka bayar ba ita ce ta kai ka na 11 ba. Da ka tsaya a nan, da wataƙila na 5 ko na 6 za ka ƙare. Basak na biyu da na uku ne, na ramuwar gayya.

Abu ɗaya da masu shirya gasar poka suka gane: duk awa, idan saura minti 5 ta cika, sai a tsayar da kowa hutu. Waɗanda suka daɗe a harkar tashi suke yi, su wanke fuska, su taka ƙafa. Mu sababbi sai mu zauna muna ƙirga abin da za mu samu idan mun zo na ɗaya. A arena babu wanda zai ba ka hutu, amma akwai maɓallin dakatawa, kuma makinka ba ya zubewa idan ka danna. Ni yanzu doka ce: duk wasan da na sha kashi ta hanyar wauta, sai na dakata, na miƙe, na sha ruwa. Idan na ji kunnena da zafi, ba na komawa sai ya huce.

Na Zangon Kumasi:

Maganar hutun nan gaskiya ce. Tunde Onakoya, ɗan ches ɗin Najeriya da ya yi awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na New York a watan Afrilun 2024, minti 5 ake ba shi duk awa. Mu awa 2 kawai, amma tashi yin fitsari ma muna ganin asara ce.

Malam Mai Lissafi:

Ɗana Baƙin Doki, kada ka zagi kanka da yawa, manya ma na yi. Ranar 12 ga Disamba 2024 a Singafo, wasa na 14 kuma na ƙarshe na neman kambun duniya tsakanin Ding Liren mai riƙe da shi da Gukesh, duniya duka ta gama cewa kunnen doki za a yi a tafi wasan raba gardama washegari. A motsi na 55 Ding ya kai ruk ɗinsa f2 yana neman a yi musaya a huta. Ya manta bishof ɗinsa na maƙale a lungu. Aka yi musayar ruk, aka yi ta bishof, ya rage sarki da sojoji, kuma a nan babu mafita. Kambun duniya ya koma hannun yaro ɗan shekara 18. Ni a ganina ba rashin sani ba ne, so yake a gama. Wannan son a gama shi ne yake kama mu duka idan an daɗe.

Kafin nan a Dubai, 2021, shi ma a neman kambun duniya, Nepomniachtchi ya riƙe Carlsen kunnen doki har wasa 5. Na 6 ya kai motsi 136, kusan awa 8, ya faɗi. Daga nan bai sake zama daidai ba, a wasa na 9 da hannunsa ya tura soja ya rufe wa bishof ɗinsa hanya. Wato gajiya tana iya kwana ta tashi da mutum.

Yanzu ga lissafin da nake so ka yi, tunda sana'ata ce. Kana kan wuta, nasara maki 4. Basak zai mayar da ita 5. Idan ka faɗi fa? Ka rasa 4 na wannan wasan, kuma sai ka sake cin wasa 2 a kan maki 2-2 kafin wuta ta dawo, wato wasu 4 sun tafi. Ka sa 8 a faifai don neman 1, da rabin agogo, gaban wanda ya fi ka. Ko a kasuwar Sabon Gari ba a wannan ciniki. Ni ba na taɓa maɓallin nan sam.

Kuma kafin kowane motsi, tambaya ɗaya nake yi, ko da daƙiƙa 10 ta rage: idan na ajiye nan, me zai ci, ina zai ba ni cek, wato ya kai wa sarkina hari? Da farkon gasa ido na yin wannan da kansa. Bayan awa ɗaya sai ka tilasta masa.

Ɗan Damagaram:

Malam, ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne amma ban yarda da "sam" ba. Wasan da bai ƙare ba kafin agogon gasa ya cika ba a ƙirga shi. Idan saura minti 4 aka haɗa ka da wani, wasan minti 3-3 zai iya cin minti 6, to ka ci ma a banza. A nan basak ba haɗama ba ce, ita ce kaɗai hanya. Laifin Baƙin Doki shi ne ya danna da saura minti 12, lokacin da yana da sararin wasa 2 cikakku.

Ni matsalata daban. A fada muke bugawa, kowa da salularsa, ana dafa shayi. Kofi na farko mai ɗacin nan yana buɗe ido, ba musu. Kafin a kai na uku hannuna rawa yake, kaina na gudu fiye da wasan, sai in dinga jera motsi tun abokin wasa bai motsa ba. Wata rana na jera cin soja da sarauniya ina ganin dole ya bi ta inda nake zato. Bai bi ba, ya kawo ruk ya tsare sojan, sarauniyata ta tafi ta ci, aka cinye ta. Fada duka ta fashe da dariya, har yau suna kirana mai kyauta. Tun daga nan, minti 20 na ƙarshe ba na jera motsi sai inda aka ci mini abu zan rama. Shayi kuma kofi ɗaya.

Malam Mai Lissafi:

Na karɓi gyara a kan minti 4. Sauran ina nan a kan bakana.

Ummu Hanan:

Sallama gare ku. Ku kuna maganar zuciya, ni tawa ta gida ce. Sai yara sun yi barci nake samun zama, wajen 10, bayan na wuni a tsaye. Gasar awa 2 ba tawa ba ce, na gwada sau 3 na gane. Ta minti 57 ɗin nan da ake yi kowace awa nake shiga, kuma ko ita ba daga farko ba wani lokaci.

Abin da ya koya mini hankali: ina kan cin wani wasa, ruk gaba ɗaya na fi shi, sai ƙaramar ta yi tari a ɗaki. Ban tashi ba, ban kuma zauna ba, kunne na can ido na nan. Na ja sarki zan yi kasil, motsin nan da sarki ke tsallake gida biyu ya ɓuya gefen ruk, yatsa ya zame ya sauka gida ɗaya. Daga nan komai ya watse, na yi ta tura kaya don in gama in je in duba ta. Na faɗi, na je na tarar tana barcinta. Yanzu idan hankalina ya rabu, dakatawa nake yi in je in gani da idona. Na kuma canza saiti, na daina jan kaya da yatsa, taɓa gida biyu nake yi. Ya fi jinkiri kaɗan amma bai sake zame mini ba.

Wani abu kuma, ku sa caji tun kafin a fara. Saƙon nan na saura kashi 15 yana faɗowa ne daidai lokacin da ba ka so.

Baƙin Doki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na sake shiga. Na latsa z, na ajiye gorar ruwa a gefe, na rubuta a takarda "babu basak sai saura minti 4" na manna a jikin kwamfuta. Na ba da doki a banza wajen minti na 80, na ji kunnen nan da Yaya Tsohon Ɗan Karta ya faɗa, ashe da gaske zafi yake yi. Na dakata, na fita tsakar gida na dawo, na ci 3 a jere. Allon ne dai na kasa, sau biyu na leƙa ta gefen ido.

Saura minti 3 da 'yan daƙiƙu aka haɗa ni da wasan ƙarshe, na danna basak da izinin Ɗan Damagaram, ina gaba da soja 2 aka ɗauke wutar lantarki, intanet ta tafi da ita. Na 7 na ƙare. Mai kyauta, Asabar mai zuwa ƙarfe 10 kana nan? Ka sha kofi uku don Allah.