Hitsink da Hausa: ni dai na tsaya a kan "makwashin zafi"

Jama'a, ina neman sunan Hausa na dunƙulen ƙarfen nan mai tsagogi da ke zaune a kan firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) yana rage masa zafi, wanda masu gyara ke ce wa hitsink. Mutane sun kawo sunaye da dama. Tambaya a kansa ta yi yawa daga masu kwamfutocin aiki mai nauyi da kamfani ya haɗa, irin HP Z440 da Dell Precision T5810 da Lenovo ThinkStation P500, waɗanda ake shigo da su na hannu ana tace bidiyo da zanen gini. Duk 'yan wajen 2014 ne. Firosesa irin Xeon E5-1650 v3 da ke zuwa a cikinsu an tsara shi a kan fitar da zafin da ya kai wat 140, ga kuma Afrilun Kano ko Sakkwato da ke haura digiri 40.

Sunan da aka fi kawowa shi ne "na'urar sanyaya". Ban karɓa ba. Ƙarfen nan ba firji ba ne, ba ya ƙera sanyi, kuma komai girmansa ba zai sauke firosesa ƙasa da zafin iskar ɗakin ba. Gindinsa na karɓar zafi, bututan jan ƙarfe su hau da shi zuwa siraran faifan alminiyam, fanka ta hura iska ta tafi da shi. A cikin bututan akwai ɗan ruwa da aka rufe, yana zama tururi a ƙasa, ya huce a sama ya dawo. Wanda ya ɗauka sanyi abin yake bayarwa ba zai damu da inda iskar ke fita ba, sai ka ga ya manna bayan kwamfutar da bango.

Malam da ya kawo "lagireto", Allah ya ƙara basira, ka kusa. Sai dai akwai kwamfutocin da ake sanyaya su da ruwa, masu famfo da tiyo da lagireto na gaske, gara mu bar musu sunansu. Ɗan uwan hitsink na kusa shi ne tsagogin nan na jikin injin babur, da iska kaɗai ke ratsawa.

"Mazuƙin zafi" da "matsotsin zafi" sun yi daɗin faɗa, amma rabin aikin suka ambata. Abin da aka zuƙe a ciki yake zama. Kwashewa kuwa ɗauka ce daga nan a kai can. Shi ya sa na zaɓi "makwashin zafi", a kan tsarin mabuɗi da magogi da ma'auni, jam'insa makwasan zafi.

Mu gwada shi a bakin aiki, don a nan ake gane ko suna zai rayu.

Ƙurar hunturu ta toshe makwashin zafi, a kashe kwamfutar, a zare wayar wuta, a hure shi, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Man da ke tsakanin makwashi da firosesa ya bushe, a goge da sifirit a sa sabo, ɗigo ɗaya a tsakiya. Man nan ba don santsi ake sa shi ba. Fuskokin ƙarfen biyu suna da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, iska ta maƙale a ciki, ita kuwa iska ba ta wuce da zafi sosai. Kwamfutar da ta shekara 10 da man kamfani, nan ne farkon wurin dubawa kafin a kashe kuɗi a kan komai. Zan kira shi "man makwashi" sai an kawo wanda ya fi.

Akwai ɗabi'ar cire murfin gefe a juya wa kwamfuta fankar ɗaki. A waɗannan injunan sau da yawa ɓarna ce, domin an tsara iska ta shiga ta gaba, ta bi ta kan RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) da makwashi, ta fita ta baya. Z440 ma tana da rufi mai fanka na musamman da ake buƙata idan sandunan RAM sun wuce huɗu. A BIOS ɗinta, wato shafin saiti da ake shiga ta danna F10 lokacin kunnawa, ana iya ɗaga mafi ƙarancin gudun fanka. Ƙara za ta ƙaru, amma kyauta ne. Mai son sauya makwashin ko fankar da na kasuwa ya fara duba fulogi, HP da Dell kan yi nasu daban, in bai dace ba kwamfutar ta tsaya tun tashi tana kukan babu fanka sai an danna F1. A auna zafi da manhajar HWiNFO kafin gyara da bayansa, a kan aiki iri ɗaya.

Saura suna guda. Idan zafi ya kusa iyaka, wajen digiri 90 zuwa 100, firosesa kan rage gudunsa da kansa don kada ya lalace, sai tace bidiyo ya koma jan ƙafa. Ina tsakanin "sassauta gudu" da "ja da baya". Malamai masu gyara, wanne abokan cinikinku za su fi saurin ganewa?